Rumbun Mai Jirgi

Ruwan shuka ya sauka mana a garinmu Tabotaki ranar Alhamis da la'asar, bayan mun yi wata guda muna kallon gabas har wuya ya gaji. Ruwa ne na kirki, ba yayyafin raina manomi ba. Da safe na tona ƙasa, yatsuna suka nutse duka ban iske busasshiya ba. Gari ya tashi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwaryar iri a ka, kowa na sauri ko gaisuwa ba a tsayawa a gama.

Na juyo cikin gida na iske Rakiya, matar ɗana Sani, ta kife turmi ta hau, ta ɗaga salula sama tana juyi da ita.

"Ke Rakiya, mi kike nema bisa turmi da sahe haka?"

"Rezo, Inna, layin salula. So nike in samu baban yara Abija, in tambaye shi ko in buɗe rumbu in ɗebo iri. Tun jiya ba ta shiga."

Nan take raina ya ɓaci. Ba da ita nake ba. Yarinya ce mai hankali, abin da aka koya mata take yi. Tsohon fushi ne, ya haura shekara ashirin yana zaune cikina, wanda ya jawo shi kuma ga shi can ƙarƙashin rumfa ya manna rediyo a kunne, ko a jikinsa.

Sunan maigidana ba ya fita bakina, amma daga nan har Buza Mai Jirgi ake ce masa. Baƙo in ya ji sai ya ɗauka matuƙi ne. Dako yake yi. Wani mutumin Keita ne ya sama masa aikin a filin jirgin Abija tun kafin a kawo ni gidan nan, shi ne ɗaukar akwatunan mutane yana cusawa cikin cikin jirgi. Shekara da shekaru yana wannan aiki, bai taɓa zama kan kujerar jirgin ba ko da yana ƙasa. In zai zo gida, mota yake shiga kamar kowa, ya kwana nawa a hanya, ya sauka Madawa ƙafafu a kumbure. Amma in ya zauna bakin masallaci ya fara labari, sai ka ce ubansa ya bar masa jirgin gado.

Labarin na haddace shi kamar Fatiha, don kowace damina sai an maimaita. Wai bayan Nasara ya tafi, shugabannin ƙasashenmu suka zauna suka ga babu wadda za ta iya sayen jirgi ita kaɗai, sai suka haɗa hannu suka kafa sosayati guda, wato kamfanin jiragen sama. Kowace ƙasa ta zuba nata, tamu ma ta zuba. Wani kamfanin Turawa ya riƙe nasa kason, shi ya kawo matuƙa da masu gyara tun farko. Da 'yan jirage kaɗan aka fara, daga baya aka sayi manya, har ana zuwa Turai ana zuwa Makka, har baƙaƙen fata suka zama matuƙa. Nan ne yake miƙewa zaune ya buga ƙirji.

"Jirgin ga namu na! Duk wanda yat taɓa biyan lanho, harajin ƙasag ga, shina da rabo ciki. Ko ƙusa guda ta, taka ta."

Tsofaffi su gyaɗa kai, a yi ta "ikon Allah". Ni ina bayan danga ina surfe, ina cewa a raina to a ba mu ƙusar tamu mu gani. Ban taɓa faɗa a fili ba. A lokacin ina ganin ko ba komai aikin yana kawo tufafin salla da sabulu, kuma mutumin bai taɓa fashin damina ba. Da watan bakwai na manoma ya kama, sai ga shi da jakarsa.

Wanda bai san ƙasarmu ta Adar ba sai an gaya masa yadda muke yi. In an gama girbi, hatsin gandu, babbar gonar gida, rumbun maigida yake shiga. Ya hau ya liƙe bakin da laka, ya kifa masa hular ciyawa, ya kama hanyar Kurmi, ƙasashen bakin teku inda su Abija suke. Mace kuma ta ci da kanta da 'ya'yanta duk rani daga gamanarta, 'yar gonar da aka yanka mata. Rumbun gandu sai damina, sai mai shi ya dawo ya buɗe da hannunsa, don a sami abin ci lokacin da noma ke cin ƙarfin mutum. Akwai hankali a ciki, ban musa ba, don in an buɗe tun rani ba zai kai kaka ba. Sai dai wanda ya tsara abin bai yi tunanin shekarar da mai rumbu zai ƙi dawowa ba.

Kuma a waccan shekarar da ya ƙi dawowa ya ƙara da wani abu. Da can damman iri a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ake rataye su. Sai ɓeraye suka yi mana ɓarna shekarar da ta gabace ta, shi kuma ya ce ya yi dabara: ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace cika, ya ɗaure, ya sa ta can saman hatsi cikin rumbu, ya liƙe duka tare. Har yana yaba kansa.

Daminar da ta wuce dama ba ta yi kyau ba. Gamanata dami kaɗan ta ba ni, na yi ta jan su, ina auna fura da ido kamar magani. Kafin bazara ta yi tsakiya sun ƙare ƙaf, har wanda na ware don iri na daka. Zafin shekarar kuwa ban ga irinsa ba. Duwatsun dabagi, tudun nan namu, in rana ta take sai su riƙa hucin wuta, takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Rijiya ta yi ƙasa, mu tafi tun da asuba mu dawo hantsi da tulu guda mai laka. Muka koma ga anza, 'ya'yan wani itacen daji. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba: a tsinko, a ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa, ruwan da shi kansa da ƙyar aka samo, sannan a dafa a ci ana runtse ido. Ganyen jiga da dussa su ne miya su ne tuwo.

'Ya'ya biyu gare ni a lokacin. Sani ya yi wayo, yana iya haɗiye ko mene ne. Ƙanwarsa Habsu kuwa ban daɗe da yaye ta ba. In na sa mata anza a baki sai ta tofar, ta dube ni. Gashinta ya fara yin ja yana kakkaryewa, ta bar wasa, ta koma zama gindin rumbu don nan ne inuwa ta fi sanyi. Taku uku ne daga ƙofar ɗakina zuwa rumbun nan. Da hannuna na zuba irin hatsin da ke ciki, na yi noman farko da goyo, na yi maimai, na ɗauko damma a ka daga gona. In iska ta kaɗa har ƙamshinsa nake ji.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ya kwashe rumfuna, ya cika ƙoramu. Mai Jirgi bai zo ba. Washegari gari ya watse gonaki, ni na ɗaura gyale na tafi wajen wansa, Yaya Asumana, na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya kamata.

"Yaya, ruwa ya sauka, iri na cikin rumbu. Ko za ka buɗe muna?"

Bai ko dube ni sosai ba, yana gyara ƙotar sungumi.

"Ki yi haƙuri, shina bisa hanya. Kwana biyu na."

"Ƙasa ba ta jiran kwana biyu, Yaya."

"Ni ba ni buɗe rumbun ƙanena bayan idonshi. Gobe in hatsi ya kasa, a ce Asumana ya ci mishi. Ni ma iri na da ƙyat za shi kai ni, da na ba ki."

Ba ƙarya ya yi ba, nasa da ƙyar ya kai shi. Amma ban yafe masa wannan gyaran ƙota ba har ya koma ga Allah. Ranar nan da ta biye, gonakin mutane na bi ina zuba musu iri bayan masu sara, ina rufewa da diddige, a ba ni ɗan abin da zan dama wa yara kunu. Da yamma in biyo ta gefen gandunmu, in gan shi jiƙe shar, baƙi, babu sawun kowa a ciki sai na tsuntsaye. Inna ta kwance bakin zanenta ta ba ni irin da bai cika tafi biyu ba, na shuka kusurwar gamana.

Kwana takwas bayan haka wani ɗan garinmu ya sauka daga Kurmi da kaset. Lokacin babu salula, saƙo a kaset yake zuwa. Yaya Asumana ya kawo manyeto, rediyon kaset, aka lalubo pil, wato batir, muka zauna tsakar gidan Inna bayan azahar. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin fuska guda ta kaset, har jakin Yaya sai da aka gaishe shi. Sannan aka shiga maganar jirgi.

"Ku yi muna addu'a, sosayati ba ta da lahiya. Manya sun cika ta da 'yan'uwansu, kowane ministir shi hau da matanshi da ɗiyanshi ba biya. An kawo Bature shi gyara, ya kori mutane, bai gyara ba. An kawo wani. Yanzu jiragen ma ashe wasu na haya na, masu su sun zo sun ɗauke abinsu. Ana ta taro, ƙasashe na son saida rabonsu. 'Yan sandika, ƙungiyar ma'aikata, sun ce kowa shi tsaya wurin aikinshi, wanda duk yat tahi an shahe sunanshi. Ni ba ni barin abinmu shi lalace ina kallo. Kwana kaɗan na, ina nan tahe. Kada kowa shi taɓa mini rumbu."

Sai manyeto ya yi ƙara ya tsaya. Yaya Asumana ya dube ni, irin kallon kin dai ji da kunnenki. Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne "abinmu". Ga mutum can yana gadin jirgin da masu shi suka riga suka ɗauke, ga ni nan an hana ni hatsin da na noma. A duk kaset ɗin bai tuna cewa iri yana cikin rumbu ba. Ya dai tuna Bature na farko da na biyu.

Ruwa na biyu ya sauka, na jira. Wannan jiran shi ne abin da nake jin haushin kaina a kai har yau, fiye da haushin da nake ji nasa. Me nake tsoro? Kada a ce matar wane ta hau rumbu. Kada a yi da ni bakin rijiya, kada a aika gidanmu a ce ban da tarbiyya. Hatsin mutane ya tsiro ya yi ganye huɗu, aka shiga noman farko, ana jin waƙar masu gayya daga fadama. Gandunmu ya cika da ciyawa. Habsu kuma ƙafafunta suka fara kumbura, in na danna da yatsa sai wurin ya zauna.

Ruwa na uku ya zo da hantsi, ya ɗauke kafin azahar. Ina tsaye bakin ɗaki ina kallon ruwa na ɗiga daga hular rumbu, Habsu ta rarrafo ta kama zanena, ba ta yi kuka ba, don ta bar kuka kwana biyu. Ban yi shawara da kowa ba. Na jawo tsanin nan na itace mai baki biyu, na jingina, na ɗauki taɓarya. Itacen ya jiƙe yana santsi, na taka na farko ya goce. Sai na ji an riƙe shi daga ƙasa. Na duba, Inna ce, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka, ta dafe shi da hannu biyu ta sa ƙafa ta tokare.

"Hau, ɗiyata," ta ce. "Ni ban ga komi ba."

Na hau, na ture hular, na yi ta dukan laka har ta fashe. Zafin hatsi ya bugo ni a fuska. Ga damman iri nan a sama yadda ya ajiye su, ko ɓera bai taɓa ba, dabara ta yi kyau. Kawunan mata sun jeru bisa danga suna kallo, wata har da salati. Na ce su kalla da kyau. Ranar na daka hatsi na dama fura mai kauri, na ba yara, na ba Inna, ni ma na sha har cikina ya yi ciwo.

Kwana uku muna shuka, ni ke sara ni ke zubawa, sai wata maƙwabciya da ta ji tausayi ta kama mini yini guda. Yaya Asumana bai zo ba, bai kuma yi mini magana ba har kaka. Hatsi ya tsiro da kyau, ya yi ta bin na mutane a baya. Na mutane ya fid da kai namu yana ciki. Na mutane ya yi ido namu yana bununi. Sai ruwa ya ɗauke. Sati biyu kawai yake nema, ruwa guda ko biyu, irin waɗanda na zauna na kalla suna wucewa. Zangarniya ta tsaya fara fat, in ka murza sai ƙaiƙayi. Abin da na kwaso daga gandu duka, jaki guda ya kawo shi gida.

Habsu ba ta ga wannan ba. Zazzaɓin damina ya kama ta lokacin maimai, irin wanda ke kama kowane yaro ya sake shi. Ita bai iske jikin da zai yi kokawa da shi ba. Furar ta zo mata a makare, tana sha tana dawowa. Kwana huɗu ta yi. Na san kwana ne ya ƙare, na san babu mai wuce ranarsa, malamai sun gaya mini kuma na karɓa. Amma ni na san kwana nawa yarinyar nan ta yi zaune a inuwar rumbu cike da hatsi, kuma babu malamin da zai hana ni sanin wannan.

Mai Jirgi ya sauka bayan an gama girbi. Sosayati ta mutu, an rufe ofis, ƙasashen da suka haɗa hannu kowace ta janye nata, babu wanda ya kira masu dako ya ce ga ƙusarku. Abin da ya zo da shi: ɗan bargo shuɗi irin wanda ake ba masu hawa jirgi, da cokula na roba, da katin aikinsa mai hoto. Ya rame ya yi baƙi. Ya zauna ya yi kukan 'yarsa, kuka na gaske, ba zan yi masa ƙarya ba. Har na fara jin zuciyata tana sanyi.

Rana ta uku da safe ya zagaya rumbu, ya ɗaga kai ya ga sabuwar laka inda na liƙe da hannuna, ba irin liƙinsa ba. Ya tsaya. Na san Yaya Asumana ya riga ya gaya masa, so yake ya ji daga bakina.

"Wa yab buɗe mini rumbu?"

Ina tankaɗe, ban ajiye faifai ba.

"Mai shi."

"Mi kinka ce?"

"Na ce mai shi tab buɗe. Wadda tan noma. Kai ina naka jirgin? Ka zo da shi mu gani, ko ƙusa guda."

Inna tana bakin ɗakinta tana jan tasbaha, ba ta ɗaga kai ba. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya shige zaure. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Ranin da ya biyo duwatsu na ɗauka a ka wajen aikin gyaran fako, ana ba mu abinci, da shi muka kai wata damina. Shi kuma ya yi shekaru yana jiran a kira su, duk wanda ya sauka daga Kurmi sai ya tare shi ya tambaya ko an ce wani abu. Katin yana nan cikin aljihunsa har gobe, hoton ya goge ba a gane kowa.

Yanzu an ce zamani ya sauya. Kaset ya tafi, salula ta zo, saƙon da ke yin sati biyu a hanya yanzu kafin ka ajiye numfashi ya isa, in rezo ta ga dama. Jirage ma sun fi da yawa, kullum suna ja mana farin zare a sama, ban san na wa ba ne, ban kuma tambaya ba. Amma ga matar ɗana bisa turmi, ƙasa na shan iska, tana neman izinin hatsin da ta noma.

Na ce, "Sauko." Ta sauko. Na karɓi salular na ɗaure a bakin zane, na jawo tsani na jingina a rumbun Sani.

"Inna, in ya ji fa?"

"In ya ji ki ce ni na ce. In shina da magana shi zo shi same ni, ni na haihe shi. Hau."

Daga rumfa sai ga muryar tsoho, ya ɗaga rediyo sama yana murna kamar an yi masa bushara.

"Kun ji? Wai ƙasashenmu za su sake haɗa hannu su sayi jirgi. Wanga karon namu na sosai!"

Sai ya ga tsani, ya ga Rakiya da taɓarya a hannu. Ya buɗe baki. Na dai dube shi. Ya rufe bakin, ya kashe rediyo, ya miƙe da ƙyar ya shiga zaure. Da ya fito sungumi ne a kafaɗarsa, ya wuce mu ya nufi hanyar gandu.

Na dafe tsanin da hannu biyu na tokare da ƙafa, don itacen ya jiƙe yana santsi. Duka uku ta yi laka ta fashe. Ta miƙo mini damin farko, na karɓa, na ɗaga kai ina kallon ta can sama, ƙafafunta cike da ƙarfi, zufa na bin wuyanta. Shekara ɗaya aka haife su da Habsu.